TUKUICI NE KO ALBASHI? BATUN MASU GYARAN ƊAKI A JIRAGEN RUWA NA SHAƘATAWA

Tsakanin shekarar 2022 da farkon 2023, manyan kamfanoni uku na jiragen ruwa masu kai mutane yawon shaƙatawa, watau Carnival da Norwegian da Royal Caribbean, waɗanda dukkansu a birnin Miami na Amurka suke da hedkwata, sun ɗauki wani mataki iri ɗaya, wannan na bin bayan wannan. Sun rage gyaran ɗakin fasinja daga sau biyu a yini zuwa sau ɗaya, ban da ɗakunan alfarma masu tsada. A cikin wannan tsakani kuma dukkansu suka ƙara kuɗin da suke yanka wa fasinja kullum da sunan tukuicin ma'aikata. Hidima ta ragu, kuɗinta ya hau. Fasinjoji sun yi ta gunaguni, suna kuwa da hujja, sai dai a ganina yawancinsu sun sa ido ne kan tawul da zanen gado, sun bar ainihin maganar, wadda ita ce sunan da ake kiran wannan kuɗi da shi da kuma hannun da yake faɗawa.

Ga wanda bai taɓa ganin irin waɗannan jirage ba, sai ya ƙaddara otal ne mai tafiya bisa teku, da ɗakunan kwana da na cin abinci da kantuna da wuraren wasanni. Wanda ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Janairu na 2024, yana da ɗakuna fiye da 2,800, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ma'aikatansa kuwa sun kai 2,350. Gari ne guda. Kowane ɗaki daga cikin waɗannan akwai mutumin da aka ɗora wa alhakin share shi, da wanke banɗakinsa, da gyara gadonsa, da kwashe shararsa.

A da, wannan ma'aikaci yakan shiga ɗaki da safe sa'ad da fasinja ya fita karin kumallo, ya yi babban gyara. Da maraice kuma, sa'ad da aka tafi cin abincin dare, ya sāke dawowa ya canja tawul ɗin da aka jiƙa, ya kawo ƙanƙara, ya shimfiɗa gado, ya ajiye takardar shirye-shiryen gobe, wani lokaci har ya naɗe tawul ya mai da shi kamar giwa ko biri don faranta wa yara rai. A daren ƙarshe na tafiya sai fasinja ya sa abin da ya sawwaƙa a ambulan ya miƙa masa hannu da hannu. Wannan kam tukuici ne, babu mai gardama. Da tafiya ta yi tafiya sai kamfanoni suka ce ɗawainiyar ambulan ta yi wa fasinja yawa, bari su riƙa rubuta kuɗin a cikin lissafin ɗakinsa kowace rana, su raba wa ma'aikata da kansu. Kamfanin Royal Caribbean ya soma yin haka a 2013, a kan dala 12 kowane mutum kowace rana.

To, mai karatu ya dubi yadda adadin ya yi ta hawa. A Royal Caribbean ɗin, kuɗin ɗaki na gama-gari ya tashi daga dala 14.50 zuwa 16 a watan Satumba na 2022, ya koma 18 a Nuwamba na 2023, sa'an nan 18.50 a Nuwamba na 2024. A Carnival ya zama dala 14.50 a watan Mayu na 2022, ya koma 16 a Afrilu na 2023. Norwegian kuwa bai tsaya wata-wata ba, ran 1 ga Janairu, 2023 ya ɗaga shi daga dala 16 zuwa 20, watau ƙarin kashi 25 cikin ɗari a tashi ɗaya, a cikin watan da ya fara janye gyaran maraice. Kuɗin nan a kan kowane kai ne, ba a kan ɗaki ba. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu da suka yi mako guda a kan dala 20 za su tarar da dala 560 tana jiransu bayan kuɗin tikiti, ban da kashi 18 ko 20 cikin ɗari da ake ɗorawa kan duk abin sha da suka saya.

Bahaushe ya san tukuici sarai. Wani ya aiko maka da alheri, ka ba ɗan aiken wani abu don jin daɗin da ka yi. Kai ne ka ga dama, kai ne ka yanke adadi, hannunka ne ya miƙa, kuma ka ga fuskar wanda ya karɓa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan siffofi babu ita a wannan kuɗi na jirgi. Kamfani ne ya yanka, kamfani ne ya karɓa, kamfani ne ya raba yadda ya ga dama. Wasu daga cikinsu ma ba su ɓoye ba. Kamfanin Princess, alal misali, ya bayyana cewa kuɗin ana tara shi ne wuri guda daga dukkan jiragensa, a biya ma'aikata da shi a matsayin ladan aiki da garaɓasa. Kuɗin da ake tarawa a asusun mai gida a biya lada da shi, sunansa albashi. An dai raba albashin gida biyu ne, an sa rabi cikin kuɗin tikiti, an sakaya rabin don tikitin ya yi araha a idon mai karanta talla.

Ba za a rasa dalilin da ya sa suka yi haka ba, kuma adalci ne a faɗe shi. Annobar korona ta yi wa wannan sana'a mummunar illa. Kowa ya ji labarin jirgin Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan a watan Fabrairu na 2020, inda mutane fiye da 700 suka kamu. Ran 14 ga Maris na wannan shekara hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta hana jiragen tashi, ba su kuwa koma ɗaukar fasinja daga tashoshin ƙasar ba sai a watan Yuni na 2021. Wata goma sha biyar jirage na tsaye suna cin kuɗi. A ƙarshen 2022 bashin da ke kan babban kamfanin Carnival ya kai wajen dala miliyan dubu 35. Wanda bashi ya danne haka, lalle zai nemi inda zai tsuke bakin aljihu.

Amma da suka zo yin bayani sai suka ɗauko maganar tsimin ruwa da wutar lantarki, da rage sinadaran wanki, da cewa ai haka otal-otal na tudu suke yi. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Gyaran ɗaki sau ɗaya a yini ya ishi mai hankali, babu wanda zai rasa barci don bai ga giwar tawul ba. Sai dai in da kiyaye muhalli ne abin da ya dame su, da ba su bar gyara sau biyu a ɗakunan masu hannu da shuni ba, tun da ruwan da ake wanke tawul ɗin attajiri da shi bai bambanta da na talaka ba. An fake da guzuma ne an harbi karsana. Har ila yau, ƙuncin da aka yi hujja da shi ya wuce. Fasinjojin duniya da suke miliyan 29.7 a 2019 sun kai miliyan 34.6 a 2024. A wannan shekara Royal Caribbean ya ci ribar kusan dala miliyan dubu uku, Carnival kuwa kusan miliyan dubu biyu, amma kuɗin da aka ɗaga a lokacin tsanani bai sauko ba da sauƙi ya zo.

Yanzu sai mu koma kan mutumin da ake karɓar kuɗin da sunansa. Galibin masu gyaran ɗaki mutanen Filifin ne da Indunusiya da Indiya, da wasu daga ƙasashen Karibiyan da Afirka. Sukan sa hannu a kwantaragi na wata shida zuwa tara, suna aiki kwana bakwai a mako, suna kwana a ɗakunan da ba su da taga a can ƙasan jirgi, iyalinsu na gida suna jiran aike. Mai tsammanin rage gyara zuwa sau ɗaya hutu ne aka ba su, to bai yi lissafin 'yan kasuwa ba. Kamfani ba ya rage aiki don ma'aikaci ya miƙe ƙafa. Ribar canjin tana cikin rage yawan hannaye, a ƙara wa kowane hannu ɗakuna. Ga shi kuma gyaran safe shi ne mai nauyin, na maraice ɗan shafe-shafe ne. Wanda aka sauke wa mai sauƙi aka ƙara masa mai nauyi, ba a sauke masa komai ba. Ranar da ta fi kowace wuya ita ce ranar da jirgi ya dawo tasha, tsofaffin fasinjoji su sauka da safe, sababbi su hau da rana, kowane ɗaki sai an tuɓe shi an sāke shi cikin 'yan sa'o'i. A wannan rana yawan ɗakuna ne kaɗai abin ƙidaya.

Wace doka ke kare shi? Ko da yake a Miami ake juya akalar kamfanonin, jiragen suna ɗauke ne da tutar wasu ƙasashe irin su Bahamas da Panama da Malta, shi kansa Royal Caribbean a Laberiya aka yi masa rajista. Daga cikin manyan jiragen shaƙatawa na teku, Pride of America da ke zagaya tsibiran Hawai ne kaɗai mai tutar Amurka. Saboda haka dokar mafi ƙarancin albashi ta Amurka ba ta bi sauran cikin teku ba. Abin da ya rage shi ne Yarjejeniyar Ƙwadagon Teku ta 2006, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara, ta fara aiki a watan Agusta na 2013. Yarjejeniya ce mai amfani ƙwarai, ta tanadi kwantaragi a rubuce, da biyan albashi duk wata, da magani, da kuɗin komawa gida. Amma a kan hutu, abin da ta wajabta shi ne sa'a 10 cikin kowace 24, da sa'a 77 cikin kwana bakwai. Mako yana da sa'a 168. Cire 77, saura 91. Ashe ke nan ana iya sa mutum aikin sa'a 91 a mako ba tare da an taka doka ba. Ba ta kuma ƙayyade ɗakuna nawa za a ɗora wa mutum ɗaya ba.

Wannan ya kawo mu ga fasinjojin da suke huce haushinsu ta hanyar zuwa teburin karɓar baƙi a daren ƙarshe su ce a soke musu kuɗin, abin da yawancin kamfanoni suka yarda a yi. Sun ce an rage musu rabin hidima, don haka ba za su biya cikakke ba. Hujjar tana da daɗin ji, amma bulalar ba ta sauka a kan wanda ya yi laifin ba. Wanda ya yanke shawarar yana ofis a Miami, albashinsa bai dogara ga dala 18 ta kowa ba. Wanda zai ji a jikinsa shi ne mai goge banɗaki, da mai wanke kwanuka da mai guga waɗanda fasinja bai ma taɓa ganin fuskarsu ba, alhali suna da rabo a cikin kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan shi ne mafi munin abin da ke cikin tsarin, domin ya haɗa fasinja da ma'aikaci faɗa a kan abin da ba su ne suka ƙulla ba, kamfani kuwa yana gefe ya naɗe hannu.

Maganin ba boyayye ba ne, an ma riga an gwada shi. Kamfanin P&O na Ingila ya soke wannan kuɗi na kullum tun watan Mayu na 2019, ya mai da ladan ma'aikata cikin kuɗin tikiti, jiragensa kuwa ba su daina cika ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka wata doka ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 2024, wadda ta tilasta a nuna cikakken farashi a talla. Nan da nan kamfanonin jiragen suka shigar da haraji da kuɗin tasha cikin farashin da suke bugawa, abin da a da sai a ƙarshen ciniki ake ganinsa. Tukuici ne kaɗai ya tsira, saboda a takarda ana iya soke shi, don haka ba a lissafa shi cikin kuɗin dole ba. Wannan 'yar ƙofa da aka bari a buɗe, ta soke kuɗi, ita ce ke ba kamfani damar ci gaba da kiran albashi da sunan kyauta. Ya kamata masu tsara dokokin kare mai saye su rufe ta, su ce duk kuɗin da aka rubuta wa mutum ba tare da ya nema ba, a sa shi cikin farashi.

Sauran aikin na ƙasashe masu tuta ne da ƙungiyoyin ma'aikatan teku. Yarjejeniyar 2006 ta riga ta wajabta a ba kowane ma'aikaci takardar lissafin albashinsa duk wata. Abin da ake bukata shi ne a faɗaɗa wannan sharaɗi, takardar ta nuna nawa aka tara daga fasinjoji da sunan ma'aikata, nawa ne rabonsa a ciki, nawa ne kuma ya fito daga aljihun kamfani. Haka nan a sa iyakar yawan ɗakuna a cikin yarjejeniyar da ƙungiyoyin ƙwadago suke ƙullawa da kamfanoni, yadda aka sa iyakar sa'o'i. Laberiya ce ƙasa ta farko da ta amince da yarjejeniyar tun a 2006, Bahamas da Panama da Malta su ma duk sun amince, kuma yarjejeniyar tana da kwamitin da ke zama lokaci-lokaci don yi mata gyara, inda gwamnatoci da masu jirage da wakilan ma'aikata suke da kujera. A can ya kamata a kai wannan magana a zama na gaba.