Wayarka ta nuna turbon motarka ba ya aiki? Dakata kafin ka ba makanike kuɗi

Jama'a, yau maganar mota za mu yi, amma ta hanyar waya za mu shiga. Ɗan wannan abin da ake kira ELM327, wanda ake maƙalawa a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya fara yawa a hannun matasa. Ka haɗa shi da waya ta Bluetooth, ka sauke Torque ko Car Scanner, sai ga bayanan inji suna yawo a fuskar waya. Abu ne mai kyau, ni ma ina saita wa mutane a shago. Amma akwai lamba ɗaya da ke tayar wa masu motocin gudu hankali ba gaira ba dalili, wato wadda aka rubuta wa Boost, matsin iskar da turbo ke turawa cikin inji.

Mutum ya sayi Golf GTI ko Mustang EcoBoost, ya karanta a intanet cewa tana kai wajen 18 psi. Ya fito cikin gari, ya duba waya, ya ga sifili, wani lokaci ma har da alamar ragi a gaban lambar. Shi ke nan, an cuce shi, turbo ya mutu. Ni a ganina yawancin masu wannan kuka motarsu lafiyarta lau, karatun lambar ne bai zauna musu ba.

Turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi. Idan ka taka totur sosai, inji ya ƙona mai da yawa, hayaƙi ya fito da ƙarfi, turbo ya juya da gudu ya danna iska ciki. Idan kuma kana lallaɓawa a cunkoso, ƙafarka da ƙyar take taɓa totur, to ƙofar iska kusan a rufe take, inji zuƙar iska yake da kansa ta ɗan ƙaramin wuri. Shi ya sa matsin ke sauka ƙasa da na iskar waje. Motar fetur da ke tsaye inji na aiki za ka ga wajen -0.6 bar, ko kusan -9 psi, tunda bar 1 daidai yake da psi 14.5. Wannan ragin alamar lafiya ce. Ko a babban titi kana tafiya da gudu ɗaya ba ka ƙarawa, lambar ƙasa da sifili za ta zauna ko ta riƙa lilo kusa da shi. Mai dizal kuwa zai ga kusan sifili maimakon ragi, don tsarin shan iskarsa daban ne.

Kai da ka san waya, wannan ba baƙon abu ba ne. Buɗe CPU-Z a wayar da aka ce furosesarta na kai 2.8 GHz. Kana karanta saƙo a WhatsApp za ka ga ta sauko ƙasa da rabin haka. Ka buɗe gem mai nauyi, ta haura. Ba wanda ke kawo min waya ya ce in canza furosesa saboda tana hutawa. Haka kwamfutar mota take yi, wadda makanikai ke ce wa birenbos: akwai wata ƙofa a jikin turbo da take buɗewa hayaƙi ya wuce ta gefe in ba a buƙatar ƙarfi, don a rage shan mai da zafi. Lambar da kamfani ya faɗa ƙololuwa ce, sai ka danne totur har ƙasa a giya mai nauyi za ka ganta, ita ma na 'yan daƙiƙoƙi.

Sannan ita kanta wayar ba komai take faɗa daidai ba, nan ne ma na fi son ka kula. Motoci da yawa ba sa aiko da Boost kai tsaye. Abin da suke aikowa shi ne jimillar matsin da ke cikin bututun shan iska, har da nauyin iskar duniya a ciki, sai manhaja ta cire wannan nauyin ta nuna maka saura. A bakin teku kamar Legas nauyin iska wajen 101 kPa ne. A Kano ya ɗan ragu, a Jos da ke tudu sama da mita 1,200 bai kai 90 ba. In manhajarka 101 take cirewa ko ina kake, to mutumin Jos zai riƙa ganin lambarsa ta gaza da kusan 2 psi kullum, alhali ba abin da ya samu motarsa. Gwajin mai sauƙi ne: kunna makulli kada ka tada inji, ka duba. Ya kamata ka ga sifili. In ba haka ba, shiga saitin manhajar ka gyara.

Ƙari a kan haka, waɗannan ELM327 masu arha kusan duk kwaikwayo ne, kuma a hankali suke kawo bayani. Ka cika fuskar waya da agogo goma, kowanne sai ya jira layinsa, matsi ya hau ya sauka ba ta kama ba. Bar guda biyu ko uku kawai.

To yaushe za ka damu? Idan ka danne totur har ƙasa a giya ta 3 ko ta 4, juyin inji ya wuce 3,000, amma mota ta ƙi tashi kamar an riƙe ta. Ko ka ji huci kamar taya na sacewa. Ko shuɗin hayaƙi a baya. Ko wutar inji ta kama, ka duba ka ga P0299, wadda ke nufin matsi bai kai abin da kwamfuta ta nema ba. Don Allah in za ka yi wannan gwaji, ba wani ya riƙe wayar, ko ka sa manhaja ta naɗi bayanan ka duba bayan ka tsaya. Kuma titin da ba kowa, ba cikin unguwa ba.

Ko P0299 ɗin ta fito, kada ka yarda a fara da sauke turbo. Sau da yawa tiyo ne ya tsage, ko kilif ya saki, ko filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu. Zafin rana irin namu na watan Afrilu da mai marar kyau su ma suna sa kwamfuta ta rage ƙarfi da kanta don kare inji, kamar yadda waya ke rage gudu in ta ɗau zafi. Turbo ɗan Kwatano ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma in tiyon da ya tsage yana nan, sabon ma lambar da tsohon ya nuna zai nuna. Ka ce wa makanike ya fara gwada ko iska na tsiyaya a bututai, ya nuna maka inda take fita kafin ya kwance ko noti ɗaya.