Tukunyar Mai Wankin Mota da Kalmomin da Ba Mu Tattara Ba

Duk wanda ya saba zirga-zirga a Dutse ba zai rasa cin karo da saurayi ɗauke da kayan wanki a bayan babur ko a cikin kura ba, yana bin motoci har inda aka ajiye su. Tun da garin ya zama babban birnin Jigawa a 1991, ma'aikata suka yawaita, ababen hawa suka ƙaru, ƙurar hunturu kuwa ba ta bar kowa ba. Injin feshin kanti ya fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin jari, sai ya haɗa nasa.

Haɗin iri biyu ne. Wani yakan sami jarka mai lita 25, ya jona mata ƙaramin famfo mai aiki da batir na bolt 12, ya sa tiyo da kan feshi. Wannan ba shi da wani babban haɗari, domin ruwa kawai famfon yake turawa. Wani kuwa tsohuwar tukunyar gas yake nema, ko ta kashe gobara, ya kai wa mai walda ya huda ta ya liƙa mata bawul ɗin taya. Sai ya zuba ruwa ya bar sarari a sama, ya je wurin mai faci a ɗura masa iska, ko ya ciro kwamfiresan mataccen firji ya riƙa ɗurawa da kansa. Iskar da aka danne ita ce ke koro ruwan da ƙarfi. Dabara ce mai ƙayatarwa, kuma ita ce take ba ni tsoro.

Dalili shi ne ruwa ba ya dannuwa, iska kuwa tana dannuwa, tana tara ƙarfi kamar bakan da aka ɗana. Idan tukunyar da ke cike da ruwa zalla ta tsage, tsiyaya za ta yi. Idan mai iska ce, tarwatsewa za ta yi da ƙarafunanta. Shi ya sa masana'antu ke gwada irin waɗannan tukwane da ruwa. Tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 zuwa 2.5 a ma'aunin iska ba, amma kwamfiresan firji na iya ninka haka sau da dama, kuma ba ya tsayawa don kansa. Ga tsatsa tana cin ƙarfen ta ciki inda ido ba ya kaiwa, ga walda ta raunana wurin da aka huda. Ba a ma maganar sa wuta a jikin tukunyar da ke da sauran gas.

Mai karatu na iya cewa wannan aikin injiniyoyi ne, ina ruwan manazarcin Hausa? Ruwansa shi ne wannan ilimi da Hausa yake yawo, daga bakin maigida zuwa kunnen yaronsa, littattafan injiniya kuwa da Turanci suke. A bakin masu sana'ar za ka ji geji da bawul da tiyo da firesha, za ka ji "ta ɗau iska" da "ta yi ƙarfi". To, da wace kalma maigida zai bambanta wa yaro yawan iska da matsinta? Yaya sunan bawul ɗin da ke buɗewa da kansa ya saki iska idan matsi ya wuce kima? Abin da ba a raɗa wa suna ba, da wuya a tambaye shi a Ƙofar Ruwa, balle a ga laifin wanda ya haɗa tukunya ba tare da shi ba.

A nan nake ganin gazawarmu. Shekara da shekaru ɗalibanmu na rubuta kundaye kan ƙira da jima da rini da dukanci, har wasu na maimaita wasu, alhali magajin maƙerin yana bakin titi da injin walda. Bargery bai cika ƙamusunsa na 1934 daga kan kujera ba, bin garuruwa ya yi yana sauraron masu magana. Mu kuwa da muka tashi ƙirƙirar kalmomi, kamar a aikin Hausa Metalanguage na 1990, fannin harshe da adabi muka fara yi wa hidima, wato kanmu. Ba laifi ba ne, sai dai an daɗe a wurin.

Ba ina kiran a zauna a ɗakin taro a ƙaƙaba wa masu walda sababbin kalmomi ba ne. Sau da yawa irin waɗannan kalmomi ba sa fita daga takardar da aka rubuta su. Tattarawa ce farko. Ɗalibi daga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa zai iya yin zango guda tsakanin rumfunan masu faci na Dutse da kasuwar Shuwarin, ya naɗi yadda ake koyar da haɗin, ya gwama da kalmomin masu feshin gona a Kiyawa da Birnin Kudu, waɗanda su ma da famfon goyo mai lita 16 suke aiki. Inda aka tarar da giɓi, a nan ne za a zauna da malaman kwalejin fasaha da su masu sana'ar a daidaita kan suna, a kai shi gidan rediyo. Ni da zan zaɓa, da bawul ɗin nan mai sakin iska za a fara.