Atishawar rani: ba kowace ce mura ba

Maganar wannan wata kan atishawar nan ce da ke hana wasunmu zuwa taron zubi: hanci na zuba ruwa fari, ido na ƙaiƙayi, amma jiki ba zafi. Sai mu ce mura ce, ko mu ɗora ma hazo laifi. Hazo na da nasa, gaskiya. Iskar gabas na kwaso ƙura tun daga Bodele a ƙasar Cadi ta kawo mana. Amma cikin iskar akwai wani abu kuma, garin furen itatuwa.

Kun dai san bununin hatsi, yadda yake manne ma zane in an ratsa gona a watan Agusta. To itace ma na da nasa. Gao na fure bayan ɗaukewar damina, mangwaro cikin ɗari, dogon yaro kuwa, wanda wasu ke ce ma bedi, sai an doshi bazara. Jikin wasu ba ya shiri da garin nan, yana ɗaukarsa kamar cuta, sai atishawa da hawaye. Maƙwabciyarki ta shaƙa ba abin da ya same ta, ke ki kwana kina fyace hanci. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka daga wani.

Yanayi ne ke sakinsa. Da asuba, in da sanyi da laima, fure na rufe da garinsa. Rana ta ɗaga, iska ta bushe, sai jakar garin ta tsage, daga hantsi zuwa azahar ya fi yawa. Na bununi da ciyawa marar nauyi ne, iska na kai shi nesa. Na gao da mangwaro da bedi ƙwari ne ke ɗaukar yawancinsa, yana da nauyi, sauran a gindin itacen yake zuba. Wa ke share gindin bedi, wa ke sussuka da shanya a nan? Mu ne. Saboda haka ki yi shara da sassafe, ki yayyafa ruwa kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa, ki rufe hanci da gefen mayafi. In kin gama ki wanke fuska da ido, ki kakkaɓe shanya a waje kafin ta shiga ɗaki.

Ruwan sama na kwantar da garin, amma iskar da ke gaban hadari tayar da shi take. A Melbon ta Ostiraliya, ranar 21 ga Nuwamba 2016, hadari ya haɗu da garin furen ciyawa, dubbai suka cika asibiti, mutum 10 suka rasu da fuka. Mai fuka a gidanki, in hadari ya taso, ta shiga ɗaki, bututun Ventoline ɗinta na kusa.

Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗi. Mace ta ɗauki rance daga asusu ta sayi amoksisilin wurin mai tallar magani a kasuwa. Maganin ƙwayar cuta ne, wannan atishawa kuwa ba ƙwayar cuta a cikinta. Jika ta tafi, hanci na nan na zuba. Ki je likita su ba ki wanda ya dace, ki kuma tambaya ko yana sa barci, don wasu na sawa. In da zazzaɓi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, wannan ba fure ba ne, lokacin sanƙarau ne, a tafi asibiti a ranar.

Wata ta ce a taro ita sare bedin gidanta za ta sa a yi. Na ce mata furen na ƴan makonni ne, inuwar ta shekara ce. Balle gao, da mutanen Ɗan Saga da sauran ƙauyukan Agiye suka sha wahala suka raya a gonaki. Ta matsa da turminta daga gindin har furen ya zube.