Ɗan Hakin da Masu Manhaja Suka Raina

"Ai saiti ne kawai, ba mu taɓa kod ba." Duk wanda ya zauna cikin masu haɗa manhaja ya sha jin wannan magana, kuma da ita ake rufe bakin mai tambaya. A wurinsu rubutun manhaja ne kaɗai mai haɗari. Shi ake yi wa gwaji iri-iri, shi ake miƙa wa abokin aiki ya bi layi-layi kafin a sake shi. Amma fayil ɗin da ke gaya wa manhajar inda rumbun bayananta yake, da daƙiƙa nawa za ta jira amsa, da sashen da za ta kunna da wanda za ta kashe, an ɗauke shi abin da bai taka kara ya karya ba. Mutum ɗaya zai shiga sabar da daddare, ya mayar da 30 ta koma 3, ya rufe kwamfutarsa ya kwanta. Ba wanda ya gani, ba inda aka rubuta. Wannan ra'ayi ɓata ne, kuma ɓarnar da ya yi a fili take.

Ranar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya tura wa kwastomominsa wani ɗan fayil mai lamba 291. Ba sabuwar manhaja ba ce, bayani ne da ke sanar da manhajarsu ta Falcon irin harin da za ta sa wa ido. Fayil ɗin ya sa Falcon ta nemi abu na 21 a jerin da ke ɗauke da 20 kacal. Da yake a can ƙuryar Windows take aiki, da ta faɗi sai ta tafi da kwamfutar gaba ɗaya. Cikin minti 78 kamfanin ya janye fayil ɗin, amma aikin gama ya gama. Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Allo ya koma shuɗi a asibitoci da bankuna da filayen jiragen sama. A Indiya sai da aka koma rubuta wa fasinjoji takardar shiga jirgi da biro. Kamfanin jiragen Delta ya soke tashi kusan 7,000, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500. Gyaran ma wahala ce zalla, don ma'aikata sun riƙa bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne CrowdStrike ba su jahilci gwaji ba. Ainihin manhajarsu tana bin matakai kafin ta isa ga kowa, har kwastoma yana da damar tsayawa a kan tsohuwar fitowa. Irin wannan fayil ne aka ware aka ce shi ba sai ya bi layi ba. Aka dogara da manhajar tantancewa guda, ita kuma tana da nata aibin, aka watsa wa duniya a lokaci ɗaya.

Ba a kansu aka fara ba. Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45. Wani ma'aikaci ya ɗora sabon kod a kan sabar bakwai, ya tsallake ta takwas. A kan ta takwas ɗin akwai tsohon kod mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi shekaru, kuma alamar da a da take kunna shi ita aka sake ba sabon aiki. Da kasuwa ta buɗe, tsohon ya farka ya dinga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ta gano cewa ba a sa mutum na biyu ya duba aikin ɗorawar ba. Mu ma nan mun ɗanɗana namu: Litinin, 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke tun la'asar har dare, kusan awa shida, saboda umarni guda da aka bayar yayin gyaran hanyoyin sadarwar kamfanin.

Za a ce mini sauri ake nema, wanda ke tare hari ba shi da lokacin jiran mai dubawa. Na yarda akwai gaggawa. Amma a fara tura canji ga na'urori kaɗan, a ɗan saurara a ga ko suna numfashi, sannan a faɗaɗa, wannan ba ya cin yini. CrowdStrike da kansu tsarin da suka yi alkawarin komawa ke nan bayan ta faru. Wanda kuma ke tinƙaho da cewa gwajinsa ya ratsa kashi 90 cikin 100 na kod, a tambaye shi: da wane saiti aka yi gwajin? In ba wanda ke kan sabar kwastoma ba ne, to wata manhajar daban ya gwada.

Shugabannin ƙungiyoyin manhaja, a wuyanku abin yake, domin ku ne kuke cewa a yi maza a tura. Ku sa kowane fayil na saiti cikin Git tare da kod, ban da kalmomin sirri, waɗanda suke da nasu ma'aji. Kada canji ya wuce sai ido na biyu ya gan shi, ko da lamba ɗaya ce. Ɗorawa ta zama aikin na'ura, ita ce za ta ƙirga sabar takwas ta tabbatar duk abu ɗaya suke ɗauke da shi. Ku cire mataccen kod tun bai farka ba. Hanyar komawa baya kuma ku gwada ta tun ana zaune lafiya. Duk ranar da injiniya ya ce muku "saiti ne kawai", ku tambaye shi wa ya duba, a ina aka gwada, kafin ku ba shi izini.