Lambar da ke fitowa a wayarka ba shaida ba ce

Daga ranar 1 ga Oktoba 2024 kamfanonin waya a Faransa suka fara katse kiran da ya zo da lambar da ba a tantance ba, bisa wata doka ta 2020. Amurka ta riga su, domin tun ƙarshen Yunin 2021 hukumar sadarwa ta FCC ta wajabta wa manyan kamfanoni tsarin da ake kira STIR/SHAKEN.

Asalin matsalar tsohuwa ce. An gina layukan waya a kan amana tsakanin kamfanoni, duk lambar da mai kira ya aiko ita ake nuna maka. Da kira ta intanet ya yi araha, sai ɗan damfara ya samu damar zama a wata ƙasa ya sa lambar bankinka ta fito a wayarka. Sabon tsarin kamar hatimi ne: kamfanin da kiran ya fito daga wurinsa zai sa hannu cewa lambar ta abokin cinikinsa ce, kamfanin da ya karɓa kuma ya duba.

Sai dai hatimin yana tafiya ne a layukan da ke aiki ta intanet kawai, in kiran ya ratsa tsohon layi sai ya ɓace a hanya. Kuma yana tabbatar da lamba ne, ba halin mai ita ba. Maƙaryaci na iya sayen layi da sunansa ya kira ka.

A yankinmu hukumomi sun fi ƙarfi wajen rajistar layi. Najeriya ta haɗa layi da lambar NIN daga Disambar 2020, Ghana ta fara sake rajista da katin ɗan ƙasa a Oktoban 2021. Wannan na taimakawa wajen gano mai layi, amma a ganinmu an toshe ƙofa ɗaya ne, tunda mai aron lamba daga waje ba ya buƙatar layin ƙasar ko kaɗan. Kuma kuɗin talaka yanzu a waya suke kwana.

Kafin hukumomi su tilasta tantance kiran da ke shigowa daga ƙetare, duk wanda ya nemi lambar sirrinka a waya, ko da sunan banki ne ya fito, ka katse, ka kira lambar da ke bayan katinka da hannunka. Ɗalibai su zauna su nuna wa iyaye da kakanni yadda ake yi.