Taura Biyu: Sauraren Kiɗa a Lokacin Karatu

Duk wanda ya zaga ɗakin karatu na jami'a a 'yan kwanakin da jarrabawa ta gabato, zai tarar da ɗalibai da yawa sun duƙufa a kan littattafai, kunnuwansu kuwa a toshe da 'yar na'urar sauraro. Idan ka tambayi ɗayansu abin da yake ji, sai ya ce maka kiɗan Turawa ne na dauri wanda ake kira kilasika, ko kuwa kiɗan nan da ke rakiyar fim, wanda babu waƙa a cikinsa. Wasu ma har suna cewa yana ƙara kaifin basira. Ni ma na daɗe a cikin wannan sahu, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana ra'ayina, domin lokacin ɗalibi shi ne jarinsa, in ya ɓarar da shi bai san ya ɓarar ba, ranar jarrabawa za ta tona masa asiri.

Bari mu fara da batun ƙarin basira, tun da shi ne hujjar da aka fi kawowa. Asalin maganar wani bincike ne da Frances Rauscher da abokan aikinta suka buga a mujallar Nature a 1993. Sun sa ɗalibai 36 na wata jami'a a Kalifoniya ta Amurka sun saurari wani kiɗan fiyano na Mozart na minti 10, sa'an nan suka gwada su a kan aikin sarrafa siffofi a zuci. Ɗaliban sun ɗan fi ƙoƙari, amma kafin minti 15 tasirin ya gushe. A lura da abu biyu. Na farko, kafin aikin suka saurara, ba a cikinsa ba. Na biyu, babu karatun littafi a gwajin ko kaɗan. Duk da haka labari ya bazu, aka yi ta ƙara masa gishiri, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 don a raba wa jarirai faifan kiɗa. A 1999 Christopher Chabris ya tattara binciken da aka yi a kan batun, ya nuna cewa tasirin bai taka kara ya karya ba. Saboda haka wanda ke toshe kunne da Mozart don ya zama haziƙi, yana jiran gawon shanu ne.

To, in haka ne, mene ne amfaninsa? A ganina amfaninsa guda ne, kuma ba ƙarami ba ne. A ɗakin kwananmu mu shida ne. Wannan yana waya da mutanen gida, wancan yana gardamar ƙwallo, ga injin wuta yana ruri a bayan taga. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura. Babu abin da ke sace hankalin mai karatu kamar maganar da yake fahimta, domin karatu kansa magana ce da mutum ke yi a zuci, idan wata ta shigo ta kunne sai su yi karo. Masana sun tabbatar da haka. A 1989 Pierre Salamé da Alan Baddeley sun gano cewa kiɗan da ke ɗauke da waƙa ya fi kiɗa zalla rikita mai ƙoƙarin riƙe jerin lambobi. A 2018 Martin Vasilev da abokansa suka haɗa bincike 65 a kan karatu cikin ƙara, suka ga magana da waƙa su ne suka fi cutarwa. Watau kiɗan da ba shi da baki katanga ce tsakaninka da hayaniya. Inda babu hayaniya, shiru ya fi shi.

A nan wani zai ce, don me za mu tafi Jamus da Ostiriya neman katanga alhali muna da namu kiɗan? Wannan tambaya ta dame ni ƙwarai, kasancewata ɗalibin Hausa, har na gwada. Amsar da na samu ita ce, kiɗanmu ba ya yarda a mai da shi katanga. Marigayi Alhaji Mamman Shata da marigayi Ɗanmaraya Jos magana suke yi, kuma maganar da ba a iya kau da kunne daga gare ta. Ko an cire muryar an bar kalangu kaɗai, bai yi shiru ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa yana bin hawa da saukar murya, shi ya sa Bahaushe ke jin take da kirari a cikinsa. Haka kakaki da algaita a ƙofar fada. Abin da baƙo zai ji a matsayin amo, mu zance muke ji. Wannan ba aibi ba ne ga kiɗanmu, daraja ce, sai dai tana nufin shi kiɗan zama a saurara ne. Kiɗan Bach, wanda ya rasu a 1750, yana yi mini amfani a ɗakin karatu ne saboda ba ya kiran sunan kowa, ba ya tuna mini kowa.

Kiɗan fim kuwa yana da nasa tarkon, kuma na faɗa cikinsa. Wata rana ina shirin gwaji a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai na ce bari in sa kiɗan da Maurice Jarre ya tsara wa fim ɗin nan na Moustapha Akkad da muka sani da sunan Umar Mukhtar. Tunanina shi ne, ga ayari yana ratsa sahara a littafi, ga kiɗan sahara a kunne, sai su dace. Na juya shafi uku kafin in farga cewa ban ga Umar ba, ban ga Abdulkarim ba, Anthony Quinn kawai nake gani da farin gemunsa da tabarau. Da aka zo gwajin, wannan sashe na littafin shi ne ya kayar da ni. Dalili a fili yake. An tsara kiɗan fim ne don ya gaya wa mai kallo lokacin tsoro da lokacin kuka. Duk wanda ya ji fiton nan na Ennio Morricone na fim ɗin kaboyi na 1966, sai ya ga doki da bindiga, ko da littafin nahawu ne a gabansa. Marubuci ya sha wuya wajen zaɓen kalmomin da za su motsa zuciyarka, kai kuwa ka ɗauko wani daban ka ba shi linzamin zuciyar. Wannan rashin adalci ne ga marubucin, kuma hasara ce ga ɗalibin adabi, wanda aikinsa shi ne ya gane yadda kalma ke yin tasiri ita kaɗai.

Akwai kuma wurin da nake ganin kiɗa ba shi da gurbi sam, watau nazarin rubutacciyar waƙa. Waƙa irin Imfiraji ta Aliyu Namangi tana da nata kari da amsa-amo, an gina ta ne a kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Ba za ka iya yanka baiti ka fitar da ƙafafunsa ba, alhali wani kari daban yana bugawa a kunnenka. A nan ne karin maganar nan ta taura biyu ta tabbata. Batun karatun Alƙur'ani kuwa ba sai an faɗa ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kowa ya gwada kansa, kada ya yarda da jin daɗi kawai, domin jin daɗin zama dabam, abin da ya zauna a ka dabam. Ka karanta babi guda da kiɗa, ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka tuna. Kashegari ka yi haka da wani babin cikin shiru, sa'an nan ka kwatanta. Idan hayaniya ta tilasta maka kiɗa, ka zaɓi mai taushi, marar waƙa, na fim ɗin da ba ka taɓa gani ba, ka kuma rage sautinsa. Ka yi gwajin tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ga hukumomin jami'o'inmu kuma, roƙona shi ne a riƙa barin ɗakunan karatu a buɗe har dare, a samar da wuta, a hana surutu. Da yawanmu ba son Mozart ne ya sa muka toshe kunne ba, rashin wurin da za mu ji muryar littafi ne. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.