Tiya Ba Ta Shiga Gwangwani

Duk mai awon hatsi a kasuwar Nasarawa Burkullu ya san cewa idan aka juye tiyar gero cikin gwangwanin madara, mafi yawansa a ƙasa zai zube. Irin wannan matsala ce mai gina manhaja daga rubutunta na tushe yake cin karo da ita, sa'ad da GCC, wadda ke mayar da rubutun zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar, ta tsaya cik ta ce nau'in bayanai bai dace ba. An tanadi mazubi domin wani abu, sai aka kawo wani.

Tun fitowar GCC 14 a 2024, wasu saɓanin da a da gargaɗi kawai ake yi a kansu a harshen C sun koma kurakuran da ke dakatar da gini, har tsofaffin manhajoji da dama suka ƙi ginuwa. Mai gaggawa yakan ƙara umarnin da zai mayar da kuskuren gargaɗi, ko ya tilasta sauya nau'in. Gini zai kammala, amma ɓarakar tana nan.

A ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti guda bayan tashinta, domin an cusa lamba mai bit 64 cikin mazubi mai bit 16 ba tare da kariya ba. Hausa ma tana da nata rabon: a tsarin UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci, don haka manhajar da ta ɗauka kowane harafi bayit ɗaya ne tana iya dagula sunan Ƙaura Namoda a rajista. Ba kowane saɓani GCC take gani ba, shi ya sa bai kamata a yi watsi da wanda ta gano ba.

Gyaran gaskiya yana farawa da karanta kuskuren farko, domin na bayansa sau da yawa 'ya'yansa ne. Sai a duba nau'in da ake bukata a wurin, a gyara mazubin, a gwada, sannan a aika gyaran ga masu kula da manhajar domin na baya su huta. Awa guda da mai gini ya kashe a nan ta fi arha a kan albashin malami ko sunan majinyaci da zai ɓace daga baya.